Ɗanyen Dabinon Dirku

Diffa, farkon damina

Zuwa ga ƙanena Zailani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Dirku? Mu nan sai godiya. Kogin Komadugu ya kawo ruwa, mutanen Gagamari sun fara dashen tattasai.

Jikin Inna dai yana nan yadda ka sani, ƙafafun sun ƙara kumbura. Kullum sai ta tambayi ranar zuwanka, ni kuwa ina ba ta haƙuri da abin da ka gaya mini: daga Dirku sai an jira ayarin motoci zuwa Agadas, sannan Damagaram, sannan nan, tafiyar fiye da mako. Har taswirar lakkwal, makarantar da nake koyarwa, na kai mata na nuna mata faɗin hamadar Tenere. Ta ce kada ka wahalar da kanka, amma idonta na kan ƙofa.

Ɗalibaina ma sun san ka. Da kai nake ba su misalin yaron da ya yi karatu har aiki ya kai shi nesa, bai manta gida ba.

Yayarka,
Meram

Diffa, tsakiyar damina

Zailani,

Ina gaishe ka, da fatan ka koma lafiya. Na ce ka koma, domin na san ka zo.

Usmanu, direban ƙungiyarku, ya kawo mana tsarabarka. Da na buɗe kwalin sai na ga ɗanyen dabino, jiƙe da zumarsa, ko ɗaya bai lalace ba. Irin wannan ba ya kwana bakwai a bayan mota. Na tambayi Usmanu, shi kuwa bai san akwai abin ɓoyewa ba. Ya ce hannu da hannu ka ba shi a filin jirgin Diffa. Ƙaramin jirginku ne ya kawo ka taro, ka kwana biyu a garin nan.

Na koma kan taswira na auna ta sama. Kilomita ɗari shida da 'yan kai ne, Usmanu ya ce awa biyu ce. Daga masaukinku zuwa tabarmar Inna kuwa, ko shayi ba ya hucewa.

Inna ta ci ƙwaya ɗaya, ta daɗe tana juya ƙwallon a tafin hannunta. Ta ce wannan bai daɗe da barin uwarsa ba. Tun ranar ba ta sake tambayarka ba.

Ni ka sa na yi mata ƙarya da bakina, na kuma yi wa yara talatin. Na daina. In kana da uzuri, zo ka faɗa mata da kanka tun tana gane murya.

Usmanu zai ba matuƙin jirginku wannan takarda gobe da safe. Kafin azahar tana hannunka.

Yayarka,
Meram