Guguwa Ta Juya Ɗakin Kawu

Woolwich, Landan
4 ga Janairu, 1976

Zuwa ga maiɗakina Luba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya. Yaya nauyin jiki? Yaya Inna Karimatu da gwiwarta, da duk mutanen gida? Mu nan lafiya lau, sai sanyi, shi kuwa ba a yi masa komai.

Luba, jiya da safe na ga abin da ban san ko dariya zan yi masa ko kuka ba. An kwana ana wata guguwa da ban taɓa jin irinta ba. Da gari ya waye na leƙa taga, sai ga wandon maƙwabcinmu a kan bishiya, ga bulon bututun hayaƙi zube a titi. Rediyo ta ce bakin teku ya fi shan wahala. Kawu Nata'ala bai ko ƙarasa shayinsa ba ya ce in ɗauko masa kwat, mu tafi duba ɗakinsa.

Bari in sake yi miki bayanin ɗakin nan, don shi ne ya raba ni da ke. Kin san Inna ta ce kada in sake in taka Wudil sai da yayanta a gabana. To, tun da Kawu ya yi ritaya daga koya wa Turawa Hausa a Bloomsbury, ba shi da aiki sai shiga jirgin ƙasa zuwa wani ƙauyen bakin teku da 'yan fansho suka cika. Can ya sayi ɗan ɗakin katako, bai fi rumbun Inna ba. Irinsu ne jere reras, duk suna kallon ruwa. Mutum ya zauna ciki ya dafa shayi, ya kalli teku, teku ta kalle shi. Shi ke nan aikin.

Matsalar ita ce ɗakin siriri ne, Kawu kuma kin san tsayinsa. Alƙibla a karkace take faɗowa, in ya yi sujada sai goshinsa ya daki kantar da buta take. Dole a waje yake salla a kan tsakuwa, karnukan Turawa suna shinshina masa dadduma. Shekara da shekaru yana roƙon kansul, wato hukumar garin, su bar shi ya ɗan juya ɗakin, suna cewa doka ta ce kowane ɗaki ya tsaya a layi. Kafin guguwar nan har ya fara gajiya. Da bakinsa ya ce in fara ɗaure akwati.

An soke jirgin farko, muka samu na gaba. Allah ya yafe mini, a hanya addu'ata ɗaya ce, a ce teku ta kwashe ɗakin mu huta.

Da muka isa, layin nan kamar an yi dambe a kasuwar katako. Wani ɗakin ba rufi, wani yana can cikin ruwa yana lilo. Na kusa da namu na Baba Haggai ne, wani tsohon mutumin Numan, Kirista, da ya yi soja ya kuma yi kuku a jirgin ruwa. Shi ne abokin faɗan Kawu. Muka tarar da shi tsaye a kan daɓen ɗakinsa riƙe da murfin tukunya, abin da ya rage masa ke nan.

Namu fa? Ko ƙusa bai zare ba. Iska ta ɗaga shi ne kawai ta juya shi ta dire, kusurwa ɗaya a filin Baba Haggai. Kawu ya tsaya yana kallo. Ya zaro ɗan kamfas ɗinsa na duba alƙibla daga aljihu ya aza a ƙasa, ya ɗauka ya girgiza, ya sake azawa. Sai ya cire takalmi ya shiga. Luba, raka'a biyu ya yi, ya miƙe sosai, goshinsa bai taɓa komai ba sai dadduma. Ɗakin ya kalli alƙibla cif.

Ya fito idonsa da ƙwalla ya ce, "Almu, in mun koma ka kwance akwatin nan."

Baba Haggai ya ce, "Dogo, ɗakinka yana taka mini ƙafa." Kawu ya ce ba shi ya ajiye shi a nan ba, ya kai ƙara wurin wanda ya ajiye.

Ki yi haƙuri, ni ma shi nake yi. Ina nan kan bakana, in Allah ya yarda da ni za a raɗa suna. Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wajen akwatin.

Naki,
Almu


Woolwich, Landan
22 ga Janairu, 1976

Zuwa ga maiɗakina Luba,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Ina gaida Inna da kyau. Ki rage ɗaukar tulu, don Allah.

Yanzu kullum muna bakin teku. Ƙauyen bai farfaɗo ba. Yashi ya cika banɗakin gwamnati, sai gidan wata tsohuwa nake zuwa roƙon ruwan alwala. Mai shagon shayi ba wuta, ga shi tsofaffin nan in ba su sha shayi ba ba sa gane 'ya'yansu. Duk sun koma ƙofar Kawu, don shi kaɗai ke da risho da rufi. Su zauna cikin barguna suna zagin kansul a hankali, cikin ladabi, kamar masu yi wa juna ta'aziyya. Wani tsoho haƙoransa na roba suna cikin ɗakin da ruwa ya tafi da shi, kullum yana bin gaɓa da sanda yana tona.

Ranar Litinin mutumin inshora ya zo, wato kamfanin da Baba Haggai ya daɗe yana zuba wa kuɗi don irin wannan rana. Ya dubi daɓen, ya dubi murfin tukunya, ya ce ba za su biya ba, wai wannan "aktof God" ne. Na tambayi Baba Haggai ma'anarsa, ya ce wai aikin Allah.

Luba, da kin ga Kawu! Ya tashi ya kama hannun Baturen da hannu biyu, ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Kawu ya ce shekara talatin yana ƙasar nan bai taɓa jin ma'aikaci ya faɗi gaskiya irin wannan ba. Har shayi ya ba shi.

Baba Haggai kuwa ya hau sama. Ya ce, "Iska ɗaya, dare ɗaya! Kai an gyara maka masallaci, ni an mai da nawa itacen girki, kuma duk sunansa aikin Allah?" Kawu ya ce, "Kuku, sai ka binciki halinka." Baba Haggai ya ce shi da ke zuwa coci duk Lahadi? Kawu ya ce to ƙila waƙar ce ba ta yi daɗi ba. Suka yi ta yi har ruwan shayi ya ƙone, sannan suka raba biskit ɗaya.

Kashegari kansul suka aiko cewa ɗakin ya fita daga layi, za su kawo kiren, motar nan mai ƙugiya, su mayar da shi. Kawu ya sa na goge masa babbar riga. Ya je ofishinsu ya ce kamfanin ƙasarsu da bakinsa ya shaida aikin Allah ne, wane ne a cikinsu zai sa hannu a warware shi? Suka tura shi hawa na biyu. Na biyu suka tura shi na ƙasa. Na ƙasa suka ce mai kujerar ya tafi shan shayi. Ya fito yana murmushi, a hanya ya ci kifi da dankali har ya nemi ƙari.

A nan na lura da wani abu. Ranar da za a je kansul, Kawu da asuba ya gama shiri, yana tafe ina haki a bayansa. Ranar da ba za a je ba, sai ciwon baya da tari. 'Yarsa Dakta Rahinatu ta zo daga Camberwell ta auna shi. Ya yi mata Hausa ta mayar masa da Turanci, yadda suka saba, ta ce jininsa bai taɓa yin kyau haka ba. Na gane ba ɗakin ne ya riƙe Kawu a ƙasar nan ba. Rigimar ce. In kansul suka juya ɗakin, zai kai su kotu, daga kotu sai wata kotun, ɗanmu ya yi gemu ban gan shi ba.

Akwai wani saurayin ma'aikacin kansul, mun sa masa Jan Hanci saboda mura. Shi aka ɗora wa gyaran bakin tekun duka, ga shi shi kaɗai. Nakan taya shi jera buhunan yashi in Kawu yana hira. Ina so in gwada yi masa wata magana, in Turancina ya kai.

Ki ci gaba da yi mana addu'a. Ki rubuto mini labarin gari, kowane iri ne, ina kewar har gulmar bakin rijiya.

Naki har kullum,
Almu


Woolwich, Landan
9 ga Fabrairu, 1976

Zuwa ga maiɗakina Luba,

Gaisuwa mai tarin yawa. Takardarki ta iso, na karanta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Na ji daɗi da ungozoma ta ce komai lafiya. Allah ya raba lafiya.

Na yi wa Jan Hanci maganar. Abin da na iya haɗawa shi ne, "My uncle like fight. No fight, he go home." Wato kawuna rigima yake so, in ba rigima gida zai tafi. Ya dube ni, ya fyace hanci, ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ci gaba da ɗaukar buhu.

Ranar da kiren zai zo, Kawu ya sha babbar riga da hula ya zauna a tsakiyar ɗakin a kan dadduma, ya ce sai dai a ɗaga da shi. Tsofaffi suka jeru da barguna. Har jawabi ya tanada. Kiren ya iso yana ƙara. Jan Hanci ya sauko, ya zaga ɗakin sau ɗaya, ya ce wa Kawu kansul ta duba, ɗakin ya zauna yadda yake, Allah ya ba da sa'a. Suka juya suka tafi ɗaga wani kwalekwale da ya hau kan titi.

Kawu ya fito ba takalmi yana kira, "Ku dawo! Ai ban gama bayani ba!" Tsofaffi suna ta tafi, Baba Haggai yana dariya har da riƙe ciki.

Amma Luba, abin da ya biyo baya ya tsorata ni. Kawu ya yi sallarsa a ɗaki kwana biyu, a na uku ya ce sanyi ya yi yawa. Ya kwanta a filat, wato gidansa na nan Woolwich, ya juya wa taga baya. Tuwon semolina da na tuƙa ko taɓawa bai yi ba. Ba maganar teku, ba maganar gida. Na zauna a bakin gadon ina cewa a raina, Almu, an aiko ka ka kawo mutum, ka kashe shi da dabara.

Ana haka takardarki ta zo. Ranar Asabar Baba Haggai ya biyo Dakta Rahinatu duba shi, ga kuma Malam Bukar na gidan rediyo ya leƙo gaisuwa. Na ce bari in karanta wa Kawu gaisuwar gida. Na karanta ta Inna, bai motsa ba. Na karanta labarin ɗan Lawal mai faci da ya sayi babur sabo fil yana ɗaukar rediyo a kafaɗa, ya ce uhm. Sai na zo inda kika ce masu sabon titi sun shafa jan fenti a bangon zauren Kaka, gidan su Kawu na gado, wai ta nan kwalta za ta bi, kuma an je ofishinsu an ce mai kujerar ya tafi Legas.

Na karanta wajen a hankali. Na ce ban gane rubutun ba, na sake karantawa.

Kawu ya juyo. Ya ce zauren wa? Na ce na Kaka. Ya ce wa ya sa hannu? Na ce ba a sani ba, wai daga wannan ofis sai a tura mutum wancan. Luba, sai ga shi zaune. Ya ce ofis nawa ne? Na ce da alama suna da yawa, yanzu kuɗin mai ya sa kullum ana buɗe sabo. Wallahi har wani haske na gani a fuskarsa. Ya ce a ɗumamo tuwon nan.

Yana ci yana ba da umarni. Ya ce Dakta ta yanko mana tikitin jirgin sama kafin ƙarshen wata. Ya ce in goge babbar riga in sa ta a saman akwati, ba a ƙasa ba. Ya ciro makullin ɗakin teku ya miƙa wa Baba Haggai, ya ce amana, kada ya kuskura ya juya shi. Baba Haggai ya ce gobe-goben nan zai nemi kansul su mayar da shi layi, shi teku yake son kallo. Sai na ga Kawu ya tsayar da loma. Na taka wa Baba Haggai ƙafa a ƙarƙashin tebur da duk ƙarfina. Ya yi ƙara, ya ce wasa yake yi, ai shi bai isa ya taɓa abin da ya fi ƙarfin inshora ba. Da zai tafi ya rungume Kawu ya daɗe bai sake shi ba, yana cewa, "Dogo, wa zan zaga yanzu?"

Ki ce wa Inna ta sa a share ɗakin yayanta. Kuma don Allah kada kowa ya goge jan fentin nan, kada kuma a sasanta da masu titi kafin mu sauka.

Kin san Kawu da musu, gobe yana iya cewa bai faɗa ba. To ba ni kaɗai na ji ba. Dakta Rahinatu tana wurin, ta ma amsa masa da "to" da Hausa. Malam Bukar na gidan rediyo yana wurin. Baba Haggai ma shaida ne, ga makulli a aljihunsa, ga ɗingishi.

Sai mun iso, da yardar Allah.

Mijinki,
Almu