Sandar Ƙarshe Tsakanin Jibiya da Magama

Jibiya, ranar Talata

Zuwa ga ƙawata Mufida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da Baba. Mu ma lafiya lau, sai kewarki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Mama ta kulle wayata a akwatinta sai an gama jarrabawa, kuma na ji ke ma an karɓe taki. Shi ya sa na roƙi Hajjo mai fura ta riƙa kai mana saƙo, tunda tana bi ta ƙofar gidanku.

Tun da kuka tashi kuka koma Magama ajinmu ya zama wani iri. Yarinyar da aka ba kujerarki ba ta magana, ba ta dariya, kuma ba ta iya lissafi ba. To ina amfaninta gare ni?

An sa ranar gasar makarantun ƙaramar hukuma. Kin san kofin gudun miƙa sanda na 'yan mata ya daɗe a ofishin shugaban makarantarmu har ya zama ɗan gida. Bana Malam Iliya, malamin wasanni, ya ce ni zan riƙe sandar ƙarshe, wurin da kika bari. Ban gama murna ba shugaba ya tsaya a taron safe ya ce duk wanda ya faɗi lissafi a jarrabawar gwaji ba zai taka fili ba, ko da ya fi barewa gudu. Kowa ya juyo ya dube ni, har da malamai.

Sannan na ji wata magana a kasuwa, wai ke za ki riƙe wa makarantar Magama sandar ƙarshe. Makarantar da muka tashi muna yi wa waƙar tsiya tare? Ki ce mini ƙarya ne.

Taki har kullum,
Prisila

Magama, ranar Alhamis

Zuwa ga aminiyata Prisila,

Bayan gaisuwa da so da yarda, tare da fatan Mama da Baba suna cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta iso, da ɗan danshin nono a gefenta, amma ta karantu.

Ba ƙarya ba ne. Ranar da na shiga makarantar nan malamar wasanni ta gane ni, ta ce ai ni ce na sa su kuka bara. Ban gama ajiye jaka ba aka miƙo mini riga. Baba yana cewa na mai da lakwal, wato makaranta, filin sukuwa, amma bai hana ni ba. Sharaɗinsa dogon wando da hijabi, kuma kada makina ya sauka.

Na yi suɓutar baki na ba 'yan ƙungiyarmu labarin dokar shugabanku. Rabi'a, wadda ke shugabantarmu, har rawa ta taka, ta ce lissafi ya riga ya ci mana kofi. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma da farko abin ya yi mini daɗi, domin na san ƙafarki. Daga baya na ga idan ba kya filin, ko na ci ba zan san wa na tsere wa ba.

Ki zo gidanmu ranar Asabar da safe da littafinki. Kada ki zo da surutu, na san halinki. Za mu fara daga wurin da kika daina fahimta, ko da hakan na nufin mu koma firamare. Inna ta ce za ta yi miki ɗanwake.

Ki huta lafiya.
Mufida

Jibiya, ranar Laraba

Malama Mufida mai bulala,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya, ke da Inna da ɗanwakenta. Na haye. Da ƙyar ne, kamar yadda babbar mota mai lodin gero ke hawa tudu, amma na haye. Malamin lissafi ya dubi takardata, ya dube ni, ya sake duban takardar, sannan ya tambaye ni wa ke zaune kusa da ni. Da ya ga yarinyar da na gaya miki ce sai ya haƙura ya yarda.

Sai dai zuwa gidanku ya jawo mini fitina. Naomi, wadda za ta miƙo mini sanda, ta gan ni ina sauka daga acaɓa a Magama. Ranar Litinin kafin a tashi makaranta labari ya bazu wai ina kai muku sirrin ƙungiyarmu. Wane sirri ke cikin gudu? Malam Iliya ya kira ni ƙarƙashin darbejiya, ya haɗe rai ya ce, "Prisila, me kika kai musu?" Na ce, "Malam, jahilci na kai, kuma can na baro shi." Ya yi dariya har usur ya faɗi daga hannunsa, ya ce in koma fili.

Naomi dai ba ta huce ba. Ba ta yi mini magana, kuma idan muna gwajin miƙa sanda sai ta cilla mini ita kamar mai ba kare ƙashi. Na ƙyale ta.

Ki shirya. Ranar gasa ban san ki ba, ba ki san ni ba.

Ɗalibarki,
Prisila

Magama, ranar Litinin

Zuwa ga Prisila,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Hajjo ta wuce jiya da yau hannu babu takarda, kuma ranar gasa kin bar fili ba mu yi sallama ba. Idan fushi kike yi, ki karanta wannan tukuna.

Mun ci kofin, ba zan ce ban ji daɗi ba. Amma ina da ido. Na ga sandar ta suɓuce tsakanin hannunki da na Naomi, na ga kin sunkuya kin ɗauka lokacin ni na riga na yi nisa. Na ɗauka an gama. Ina shan kwanar ƙarshe sai na ji numfashi a bayan kunnena, na kuwa san na wane ne. Da filin ya ƙara tsawon tabarma ɗaya da kin wuce ni. Baba da ya ce ba zai zo ba ashe yana cikin jama'a. Da muka dawo gida bai yabe ni ba, cewa ya yi, "Ɗiyar nan ta Jibiya iska ce."

Ba shi kaɗai ya gani ba. Wata mata daga ofishin wasanni na jiha, Malama Hasiya, ta neme ki ba ta same ki ba. Za a haɗa ƙungiya ɗaya daga makarantun ƙaramar hukumarmu a kai gasar Katsina, kuma tana son mu biyu a ciki. Na ce mata ba zan amsa ba sai na ji daga gare ki.

Ina sauraro.
Mufida

Jibiya, ranar Laraba

Mufida,

Ina gaisuwa. Ba gudunki na yi ba. Ina tsallake layi na zaga bayan aji na amayar da duk abin da na ci. Wadda ta riƙe mini kai ta kawo ruwa Naomi ce, tana kuka tana ba ni haƙuri, har sai da na koma ina lallashinta. Fushi kuwa na yi shi, na shugaba ma ya fi nawa, kullum sai ya tsaya yana kallon wurin da kofin yake a da. Nawa ya wuce.

Ki gaya wa Malama Hasiya na amsa, Mama da Baba sun yarda. Ni zan miƙo miki sanda, ke ki ƙarasa. Amma idan kika yar da ita a gaban Katsinawa, kada motar ta tsaya da ke a Magama, ki zarce Maraɗi.

A gaida Inna da Baba.
Prisila