Shafin I

Ƙofar Marusa, Katsina

Zuwa ga 'yata Peace,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Jos, ya su mamanki? Mu nan sai godiyar Allah.

Direba ya kawo gwajin littafin yaran da kuka fara ke da ƙawarki kafin Allah ya karɓi abarsa. Kun kyauta da kuka sa takarda mai kauri, don jikana Nabil har ya gwada ta da haƙori. Ɗan shekara biyu, komai sai baki.

Na ga kowane harafi da yaronsa. A Abbas da hularsa, C Chinedu, G Gideon rungume da dankali, Y Yetunde da ɗaurin kallabin da ya fi kanta girma. Amma shafin I fari ne fat. In kalma kuka rasa, ga ido, ga igiya.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki, Hajara

*

Jos

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarin haƙuri, ya Nabil sarkin cizo?

Ba kalma muka rasa ba. Littafin duk sunaye ne, shi ya sa na ce mata ta sa nata. Iklima ta yi ta dariya, ta ce, "Ke Peace, a Katsina kika girma ko a bisa itace? Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ko a asibiti 'yarinyar nan' take cewa. In na sa, tsallake shafin za ta yi." Muka bar shi sai ta warke.

Mai buga littafin yana jira. Ina so in sa sunanta da zanen fuskarta, amma ke ce mai karanta wa Nabil. In kin ce a'a, sai in sa Isa.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Peace

*

'Yata Peace,

Ina amsawa, ki gaida mutanen gida.

Gaskiya ƙawarki ta faɗa. Kunyar ɗan fari ce, haka muka taso. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi. Bakina bai saba ba, kuma yanzu ba lokacin koyo ba ne. Ki sa Isa.

Mannir, baban Nabil, ya koma wurin aikinsa Abuja, gidan daga ni sai yaron. Jiya maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta ce masa, "Kai maigida, wa ce ce mamanka?" Ya nuna ni. Ta yi dariya, ni ma na yi. Da ta fita na zauna na lissafa, duk gidan nan babu mai faɗin sunan uwarsa sai wanda ke Abuja.

Ki sa Isa ɗin dai.

Allah ya tsare.
Hajara

*

Peace,

Gaisuwa. In ba a buga ba, a dakata.

Da safe Nabil ya buɗe farin shafin ya ɗora yatsa yana kallona, ya ƙi juyawa. Sai na faɗa. Ya ce "Kima." Na ce a'a, na sake faɗa masa a hankali har ya kusa iyawa.

Ki sa Iklima. In ban rubuta daidai ba ki gyara, ban taɓa rubuta shi ba.

Innarki