Baffan Raliya Ya Zo da Takarda Marar Hatimi

Assalamu alaikum Anti Suwaiba. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni malama ce a wata ƙaramar makarantar renon yara a Damba, nan Gusau. Yara goma sha bakwai ne a hannuna daga safe zuwa azahar, galibinsu ɗiyan ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato da aka ba mu jiha. Cikinsu akwai wata 'yar shekara huɗu, bari in kira ta Raliya. Iyayenta sun rabu bayan ƙaramar Sallah. Uwar ma'aikaciyar jinya ce, ita ta sa ta makarantar, ita ke kawo ta, ita ke ɗaukar ta. Uban yana aiki a Bungudu, sau ɗaya na taɓa ganin sa.

Wata biyu ke nan wani ƙanin uban, wai shi Labbo, ya fara zuwa. Da farko ya ce ganin ɗiyarsu ya zo yi, na bari ya gan ta a gabana. Sai ya shiga kawo mini tsaraba, wai ina ƙoƙari. Man shanu na ƙi, amma atamfa na karɓa, Allah ya sani kunya ce ta sa. Tambayoyinsa ne ba su kwanta mini ba: ƙarfe nawa uwar ke zuwa, wane ne mai motar da ke sauke ta, ko yarinyar na zuwa da abinci. Rannan ya ga ƙujewa a gwiwarta, ya ce duka ne. Anti, a kan idona ta faɗi wajen wasa.

Ranar Litinin ya zo da takarda, rubutun hannu, ba hatimi, wai uban ya ce a ba shi Raliya ya kai ta 'Yankuzo, kakarta ba lafiya tana neman ta. Motarsa na bakin ƙofa, ko kashe ta bai yi ba. Na ce shugabar makaranta ba ta nan, na shige da yarinyar na rufe ƙofa. Ya tafi yana cewa sai mun haɗu gaban alƙali.

Ita ma uwar ban gama yarda da ita ba. Ta ce kotu ta ba ta riƙo, amma sau uku ina neman takardar tana cewa ta manta. Har ta roƙe ni in an kira ni shaida in ce yarinyar na kuka duk ran da baffanta ya zo. Ba ta kuka, da gudu take tarbar sa. Yanzu dai Raliya ta koma fitsari a wando, abinci ma sai da lallashi.

In da gaske tsohuwar na ciwo, ta rasu ba ta ga jikarta ba, alhakin yana kaina? Ko in ce su cire Raliya daga makarantar kawai in huta?

Taki, Malama Mai Reno, Damba.

Wa alaikumus salam, Malama.

Abin da kika yi ranar Litinin daidai ne. Amana hannun wanda ya ba da ita ake mayar da ita, kuma takardar da kowa zai iya rubutawa ba ta isa a miƙa ɗiyar mutane ba. Sai dai zato ba hujja ba ne. Mai yiwuwa tsohuwar ba ta da lafiya da gaske. Ki sanar da uwar, ita za ta kai yarinyar ko ta wakilta wadda ta yarda da ita. Da kin isar da saƙon kin fita.

Inda kika zame shi ne atamfa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ki mayar da ita gobe, a gaban shugabarku, ki kuma daina ɗaukar wannan kaya ke kaɗai. Shugabar ce ya kamata ta kira uwar da uban kansa, ba ɗan aike ba, su rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yarinyar, kowa ya sa hannu. Uwar ta kawo takardar kotu cikin mako guda. In ta sake mantawa, shugabar ta je wajen magatakardan kotun ta tambaya.

Malamanmu sun ce riƙon ƙaramar yarinya uwa ta fi cancanta da shi muddin ba ta sake aure ba, amma wannan bai hana uba ganin ɗiyarsa ba. Raba wannan gardama aikin alƙali ne, ba naki ba. In an kira ki, ki faɗi abin da idonki ya gani: ƙujewar ta faɗuwa ce, kuka kuma babu. Zai ɓata wa kowannensu rai, ki haƙura.

Batun cire ta kuwa, kada ki soma. Gidansu ya riga ya rabu biyu, ajinki ne kaɗai wurin da bai sauya mata ba. In ta jiƙa wando ki sauya mata ba tare da yara sun sani ba, kada kuma ki bari kowa ya yi maganar iyayenta tana ji.

Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya sanyaya zukatan iyayen, ke kuma ya ba ki ladan riƙon amana.

Anti Suwaiba