Shekaru Uku da Hedimasta Ya Ƙara Mini

Zuwa ga Kawu Garba a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon ƙafar nan? Mu nan Tambuwal kalau, an shiga girbin gero.

Kawu, hankalina a tashe yake. Turawa na tafiya, gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe jarrabawar ɗaukar 'yan ƙasa aikin mataimakin Di'o. Shekara biyu ina shirinta. Jiya takardata ta dawo daga Kaduna, wai shekaruna sun wuce ƙa'ida.

Ka tuna ranar da ka kai ni elementare? Hedimasta ya ce in ɗora hannu bisa kai in kamo kunne. Na kamo har da saura, don tsawon Baba na ɗauko. Sai ya rubuta tara, alhali shida gare ni. Wannan rubutun suke bi.

Alƙali ya ce zai karɓi rantsuwar wanda ya halarci sunana a Kebbe. Baba da Inna sun rasu, liman ma haka. Kai kaɗai ka rage, kai ka riƙe ragon.

Don Allah, Kawu, ka taso, ƙarshen watan gobe za a rufe karɓar takardu. Da na zauna jarrabawar na faɗi, wallahi da na haƙura. Amma ko alƙalami ba a bari na ɗauka ba.

Ka gaishe da kowa, ka sa ni cikin addu'a. Duk motar da ta tsaya bakin kasuwa, sai na fita na duba.

Ɗanka,
Umaru