Hannuna Na Sanyi Idan Baba Yana Cikin Wasa

Tanti Balkisa, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin abin nan ya hana ni sakat.

Ni 'yar Damagaram ce, shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a wani kantin magani a Lyon. Duk Asabar da rana ina zuwa wata ƙungiya a Rillieux-la-Pape inda muke wasan karta na poker. Kafin ki ɗaure fuska, ba a sa ko sisi. Jeto ake raba mana, 'yan faya-fayen roba, wanda ya ci maki kawai yake samu. Irin namu shi ne wanda ba ka da ikon zuba fiye da abin da ya taru a tsakiyar tebur. Wannan tarin shi muke kira pot. Kana iya zuba kwatansa, ko rabinsa, ko dukkansa, a nan gwanintar take.

Ba yabon kai ba, Tanti, na iya. Na san lokacin da zan ce pot in sa mutum ya yi gumi, na san lokacin da zan zuba kaɗan in jawo shi. Akwai wani Bafaranshe mai gemu da idan ya ga an haɗa mu tebur ɗaya sai ya fara neman ruwan sha.

Matsalata mutum ɗaya ce, Baba Salmanu. Aminin mahaifina ne. Shi ya tarbe ni ran da na sauka ƙasar nan da akwati ɗaya, a gidansa na unguwar Minguettes na yi wata bakwai, matarsa Hajiya Turai ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Shi ya kai ni ƙungiyar bayan ya yi ritaya, shi ya koya mini wasan a teburin kicin da ƙwayar wake. Har yau ba na iya kallon tsakiyar idonsa. To yaya zan tura masa tulin jeto a gaba in ce ya biya ko ya ajiye kati? Wallahi ji nake kamar na ɗaga masa murya a cikin mutane. Da zarar ya shigo wasa sai hannuna ya yi sanyi, in zuba ɗan kaɗan kamar mai ba da sadaka.

Asabar da ta wuce ina riƙe da sarakuna uku, saura kati ɗaya a buɗe. Na san sarai kati mai alamar zuciya yake jira ya cika biyar iri ɗaya, waɗanda za su doke sarakunana. Ɗari takwas ne a tsakiya. Da wani ne, ɗari takwas zan zuba ko ƙifta ido ba zan yi ba. Sai na zuba ɗari biyu. Ya biya, zuciyar ta fito, ya kwashe. Bai yi dariyar nan tasa ba, bai tsokane ni ba. Na mai da shi gida a motata kamar kullum, har muka isa bai ce uffan ba. Na ce ko ciwon gwiwarsa ne ya motsa masa.

Wani abokin wasanmu, Taha, ya tare ni a bakin ƙofar ƙungiya kafin mu tafi ya ce kowa ya lura ina sassauta wa Baba, kuma wai zalunci ne ga sauran. Abin ya yi mini zafi, na kwana ina jin haushinsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙungiya za ta tura mutum ɗaya wasan ƙarshe na Paris wata mai zuwa. Ni da Baba ne a sama, makinmu kusan ɗaya, Asabar ɗin nan za a raba gardama. Ina son zuwa Paris ɗin nan, ba zan ɓoye miki ba, kuma na san idan na saki hannu zan ci shi. Amma shekararsa sittin da takwas, ya sha faɗin ba ya jin gwiwarsa za ta kai shi wata shekarar. In janye in ce ba ni da lafiya? In bar shi ya ci a ɓoye? Ko in rufe ido in ce pot?

Taki,
'Yar Damagaram a Lyon

*

'Yata 'yar Damagaram,

Ban taɓa riƙe katin poker ba, amma na yi shekara ashirin ina koyar da lissafi a wata makaranta a Montreuil, saboda haka bari mu fara da ɗari biyun nan naki.

Kin zuba ɗari biyu a kan ɗari takwas. Baba ya biya ɗari biyu, tarin ya zama dubu da ɗari biyu. Ke nan ko sau ɗaya cikin shida katinsa ke fitowa, bai yi asara ba. Shi kuwa katin da yake jira yana fitowa kusan sau ɗaya cikin biyar. Kin ga dole ya biya, ko ni ce zan biya. Da kin zuba ɗari takwas cif, sai katin ya riƙa fitowa sau ɗaya cikin uku kafin biyan ya yi masa riba, kuma ba ya fitowa haka. Da ya ajiye, ko ya biya da tsada. Ke da kanki kin san wannan, na rubuta ne don ki gan shi a takarda.

Kunyarki ba aibu ba ce. Mutumin da ya ba ki ɗaki wata bakwai ya cancanci ki sunkuyar da kai a gabansa har ƙarshen rayuwarki, kuma na ji daɗi Lyon ba ta wanke miki wannan ba. Idan har zuciyarki ta fi natsuwa da ki bar masa kujerar Paris, kina da iko. Sai dai ki yi shi a fili, ki je gaban shugabannin ƙungiya ki ce kin janye. Ban yarda da ƙaryar ciwo ba, ban kuma yarda da kyautar ƙarƙashin tebur ba. Taha bai iya magana ba, amma gaskiya ya faɗa. Jeton da kike sakar wa Baba da su yake cin sauran mutane, su kuma ba su zauna gidansa ba.

Shirun nan na cikin mota kuwa, ki daina ɗora wa gwiwa. Wanda ya koya miki wasan ya fi kowa sanin nawa ya kamata ki zuba. Ya ga ɗari biyu ya gane an mai da shi tsohon da ake lallaɓawa, a gaban abokansa. Ke kina ganin ladabi kika yi, shi tausayi ya gani, kuma ba na jin ya ji daɗinsa.

Ga shawarata. Ranar Juma'a ki je Minguettes da rana, ki durƙusa ki gaishe shi yadda aka saba. Ki gaya masa a gaban Hajiya Turai cewa gobe za ki yi wasa da dukkan abin da ya koya miki, kina neman albarkarsa. Nauyin da kike ji a teburin, a nan za ki sauke shi.

Ranar Asabar kuma, ki bar katin da ke kan tebur ya yanke miki yawan zubi. Inda akwai abin da mutum zai jira, ki zuba da nauyi. Inda babu, kaɗan ya isa. Kada kuma ki juya ki riƙa yi masa pot a kowane hannu don ki nuna kin warke, wannan ma fuskarsa kike kallo. Abin da za ki zuba wa mai gemun nan, shi za ki zuba wa Baba. Idan idonsa ne ke karya miki hannu, ki kalli jeton, babu dokar da ta ce sai kin ɗaga kai.

Abu ɗaya na ƙarshe, tunda ni uwa ce: kin ce ba kuɗi, to ya tsaya a haka. Ran da kika ga an fito da takardar Yuro, a Paris ne ko a Lyon, ki ɗauki jakarki.

Wataƙila ya ci ki duk da haka, tsofaffin nan ba a gama saninsu. Idan ya ci, zai hau jirgin Paris ya san da hannunsa ya ci. Idan ke kika ci, ki bar shi ya ji zafin na kwana biyu, ba zai kashe shi ba. Bai zauna yana ƙirga miki wake don wata rana ki ji tausayinsa ba.

Allah ya ba ki sa'a, ya ƙara wa Baba lafiyar gwiwa, ya bar zumuncinku.

Tanti Balkisa