Daɓen Baba da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Wisconsin,
9 ga Disamba.

Zuwa ga Yayana Vernon,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Darlene da yara da jikoki. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa gwiwar nan da ka ce tana damunka ta yi sauƙi. Mu ma muna nan, sai godiya. Kwalin lemon da ka aiko ya iso, ko ɗaya bai ruɓe ba. Baba ya kwashi rabi ya kai coci yana rabawa, yana gaya wa kowa daga bishiyar ɗansa ne a Arizona. 'Yata Carol ta zo bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba da mijinta, jaririyarsu har ta fara rarrafe. Sanyi ya shigo da wuri bana, amma na san wannan ba damuwarka ba ce, kai da kake yawo da gajeren wando a watan Disamba.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, domin a waya da zarar na ɗauko maganar Baba sai ka ce in dai yi ta haƙuri da shi, daga nan ka koma labarin ƙwallo. Takarda ba a katse ta, don haka ka sami wuri ka zauna.

Ka tuna tun ranar da ciwon zuciya ya kayar da shi a bakin gareji a watan Fabrairu, yana cikin kwashe dusar ƙanƙara, likita ya hana shi abu biyu, hawa bene da riƙe shebur. Shi ya sa na ce a yi masa ɗaki a ƙasa kusa da kicin, kai ma ka ce ya yi. Da bazara na je ofishin gari neman izinin gini, ina ganin aikin minti goma ne. Matar da ke wurin ta leƙo ni ta saman tabarau, ta ce ai an yi sabuwar doka, duk wanda zai faɗaɗa gida sai ya zuba daɓen siminti na masu tafiya a ƙasa, daga wannan iyakar filinsa zuwa waccan. Na ce daɓe a Hanyar Birch? Gida tara ne a mil guda, ba mai daɓe ko ɗaya. Namu zai fara ne daga shingen maƙwabciyarmu Arlene, ya je ya mutu a ramin ruwan da ke bakin gonar masara. Na tambaye ta wa zai taka shi, barewa? Ta ce ita dai doka ba ta san barewa ba, amma in ina so in rubuta wa kwamitin tsara gari in roƙi a ɗauke mana.

Yaya, ba simintin ne ya tayar mini da hankali ba. Dokar da ta ce a zuba daɓe ita ce ta ce mai gida ya kwashe ƙanƙarar da ta sauka a kai kafin kwana ɗaya. Kai kuwa ka san mutumin da ya haife mu. Bakin gareji na iya hana shi, don na sa mota ta tare wurin. Amma a shimfiɗa masa doguwar hanya a gaban tagarsa, a ce hukuma ce ta ɗora masa sharewa, ai ko ɗaure shi aka yi sai ya kwance.

Wata uku na yi ina fama. Na cika takardu, aka dawo mini da su wai taswirar filin ba ta da ma'auni. Na sake, aka ce hotunan sun yi duhu. Na bi gidajen nan takwas ɗaya bayan ɗaya ina neman sa hannu, kowa sai ya zaunar da ni ya ba ni kofi da labarin ciwon bayansa kafin ya ɗauki biro. Arlene kuwa, tun da mijinta ya rasu ba ta da abokan hira sai kajinta, awa biyu ta riƙe ni, ta ce wai in aka yi daɓen ma kajinta ne za su fi kowa morewa. A takardar na rubuta duk dalilan duniya, rashin masu wucewa, hanyar ruwa, saiwar bishiyar gaban gida. Zuciyar Baba kaɗai ban rubuta ba, don ba na so a karanta ciwonsa a bainar jama'a. Shi ma ban gaya masa komai ba. Na dai ce masa aikin izini ne, ya sa hannu a nan. Wannan kuskurena ne, na yarda.

Aka sa ranar sauraro a watan Agusta, ƙarfe shida na yamma, a zauren da ke bayan ofishin 'yan kwana-kwana. Na bar Baba a gida da abincinsa a kan tebur da talabijin a kunne. Ka san wa ke shugabantar kwamitin yanzu? Duane Haefner, wanda kuka yi aji ɗaya, wanda ya taɓa jefa motar babansa cikin tafki. Ya yi tumbi, an ba shi 'yar guduma ta katako yana buga tebur. Na yi bayanina, na nuna hotuna, na ga suna gyaɗa kai. Wata a cikinsu ma dariya ta yi, ta ce ita ba ta taɓa ganin mutum a ƙasa a Hanyar Birch ba sai mai kai wasiƙa, shi ma a mota. Duane ya ce in babu wani mai magana za a kaɗa ƙuri'a. Har na fara tattara takarduna.

Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ne, cikin kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Mama, Arlene na biye da shi tana sunne kai. Ashe ita ta ɓarar da zancen ta saman shinge, shi kuma ya ce ta kai shi kantin magani, suna hawa titi ya ce ta karkata nan. Ya tsaya gaban mutanen nan ya faɗi sunansa, kamar akwai wanda bai san shi ba. Ya ce gidan da sunansa yake, shi kuma bai roƙi kowa komai ba. Ya ce shekara arba'in da ɗaya yana zuba wa mutane daɓe, ba za a taɓa rubutawa a littafin garin nan cewa Norbert Zastrow ya zo yana magiya a yafe masa daɓe ba. Daga nan ya juya kansu. Wai daɓen da suka sa aka yi a gaban ɗakin karatu abin kunya ne, ba tsakuwar kirki a ƙasa, kaurinsa ko inci huɗu bai kai ba, sanyi biyu zai yi ya dare. Ya nuna Duane da sanda ya ce, “Kai kuma Duane, ajiye gudumar nan, ba ka taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba.” Zauren ya kwashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Ganin zai rushe mini aikin wata uku, na miƙe na faɗi abin da na yi ta ɓoyewa. Na ce mutumin nan zuciyarsa ta taɓa tsayawa da shebur a hannunsa, ni na same shi kwance a ƙanƙara, daɓen nan kashe shi zai yi. Na faɗa a gaban maƙwabta da baƙi. Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce wa kwamiti likitan da nake faɗa takalman aikinsa sun girme shi, 'yarsa kuma tun tana ƙarama matsoraciya ce. Duane ya dube ni da tausayi, ya ce tunda mai gidan da kansa ba ya neman sassauci, ba abin da za su ɗauke. Ya buga gudumarsa. Kwana huɗu gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Baba.

Sai daga baya na tuna wani abu. A watan Afrilu, muna dawowa daga asibiti, ya sa na yi ta zagaya tsofaffin unguwannin birni, ya ce in rage gudu a nan, in tsaya a can, yana leƙen ƙasa ta taga. Ni na ɗauka rigimar tsufa ce, har na yi masa faɗa. Ashe hatiminsa yake nema, wanda yake bugawa a ƙarshen kowane daɓe. Duk an fasa an sake. Na gaban tsohuwar makarantarmu ne ya rage, shi ma muka tarar an haƙe shi. Ranar bai ci abinci ba, ni kuma ban gane dalili ba.

A watan Satumba aka zuba. Ya sa aka fito masa da kujera tun kafin motar siminti ta iso, ya zauna yana ba da umarni. Ya ce wa ɗan kwangilar kwaɓinsa kunu ne, ya ce wa mai shafe wai ko man shanu aka ba shi ya shafa a burodi sai ya bar rami. Bayin Allah suka shanye, don ubangidansu a hannun Baba ya koyi aiki. Da siminti ya fara kamawa, sai ya aike ni gareji in ɗauko masa wani abu a ƙasan akwatin kayan aiki. Hatimin tagullar nan ne, naɗe cikin tawul ɗin Mama. Ya yunƙura zai durƙusa, gwiwa ta ƙi. Ni ce na durƙusa a kan katako, yana tsaye a kaina yana cewa in daidaita, in danna da ƙarfi, kada in girgiza. Na ɗaga, rubutu ya fito raɗau: N. Zastrow da Ɗansa. Ka san shekarar da aka haife ka ya sa aka ƙera shi. Kai hutu ɗaya ka yi kana tura baro ka ce bayanka na ciwo. Ni da na yi shekara shida ina wanke masa cokalin gini ba na cikin hatimin. Amma ranar na ga ya yi dariya har da hawaye. Daɓen dai ya yi kyau, ba ƙarya, kuma har yau kajin Arlene ne kaɗai ke hawansa.

To yanzu ga abin da na ji tsoro ya zo. Ƙanƙara ta sauka sau biyar tun kafin bikin Godiya. Da asuba nake tashi in kwashe kafin in tafi aikina a kicin ɗin makaranta, amma ƙanƙara ba ta san lokacin aikina ba, da rana ma sauka take yi. Kada ka ce in ɗauki mai kwashewa, na ɗauka. Sai azahar yake isowa layinmu, Baba kuwa ba zai iya zama yana kallon farin abu a kan aikinsa har azahar ba. Na kwashe duk shebur ɗin gidan na kulle a but ɗin motata. Ya ɗauki tsintsiya. Na ɓoye tsintsiya, na dawo na tarar ya yi aiki da farantin gasa burodi, wai likita shebur ya ce, bai ce faranti ba. Allah ya sani, wani lokaci ban san ko in yi dariya ko in fasa ihu ba.

Ranar Talatar nan ba abin dariya. Na dawo ƙarfe biyu na hango shi zaune a ƙasa can ƙarshen daɓen, wajen ramin ruwa, ba hula. Fuskarsa ta yi fari fat, ƙwayar maganin zuciyarsa tana ƙarƙashin harshensa. Bai share ko'ina ba sai wurin hatimin, shi ma da hannun rigarsa. Ya ce wai hutawa yake, in daina kallonsa kamar gawa. Da ƙyar na kai shi mota. Likita ya ce wannan karon ya tsallake, kuma bai ce zai sake tsallakewa ba. Yaya, na tsorata, kuma na gaji. Shekarata hamsin da takwas, ba zan iya zama a wurin aiki ina kallon sama ta taga ina addu'a kada ta zubo ba.

Na yi fushi da dokar, na yi fushi da Duane, na yi fushi da Arlene, na yi fushi da shi. Yanzu na gane fushin ba ya kwashe komai. Baba ba zai taɓa yarda wani bare ya riga shi zuwa daɓen nan ba, ni ma don ina riga shi tashi ne kawai. Amma jiya yana cin lemonka ya ce, kamar da wasa, wai da yaron nan yana nan da shi sai dai ya zauna a taga ya nuna masa inda ya bari. Yaron nan kai ne, mai shekara sittin da uku. Ka yi ritaya, ɗakinka na sama yana nan yadda ka bar shi. Ba lemo nake so ba, kuma ba shawara ba. Ka zo daga Janairu zuwa ƙarshen Maris.

Ka gaishe mini da Darlene, ka ce mata na ga hoton bargunan da take ɗinkawa, hannunta na nan. Ka gaishe da Todd da matarsa, da Renee, ka sumbaci jikoki. Carol tana gaishe ku, Arlene ma ta ce in gaishe ka, ko da yake har yanzu ban gama hucewa da ita ba. Baba bai san na rubuto ba, kada ka faɗa masa.

Masu hasashen yanayi sun ce ranar Juma'a ƙanƙara za ta sake zubowa. Zan kwashe, kamar yadda nake yi kullum, tun daga shingen Arlene har inda aka rubuta “da Ɗansa”. Amma ba ni aka rubuta a wurin ba, Yaya. Shebur yana but ɗin motata, da ita zan zo ɗaukarka a filin jirgi.

Taka ƙanwar,
Loretta